Irin Baba a Rumfar Mashin

Litinin, 10 ga Mayu, bayan la'asar

Mashin ya iso. Kamiyo biyu, manyan motocin kaya, suka ɗauko shi daga Maraɗi cikin akwatunan katako, suka kwana a ƙofar biromu, wato ofishinmu na harkar noma, nan Tasawa, yau da safe aka wuce da shi Tudun Namadi. Garinmu. Ni na zaɓa. Ranar da Shef, shugaban biromu, ya tambayi inda ya dace a kafa shi, ban jira kowa ya buɗe baki ba na ce Tudun Namadi tana bisa hanyar Urafan, kuma har mutanen Mayahi suna cin kasuwarta. Duk gaskiya ne. Amma abin da ke raina daban, ina son Baba ya ga ɗansa ya jawo wa gari wani abu.

Mashin ɗin na ɓare gyaɗa ne, man gazuwal yake sha. Yana cikin kayan dokar farfaɗo da noman gyaɗa, wadda manya suka sa wa hannu a Yamai bayan daminar bara ta ba mu kunya. Ni dai dokar ta riga ta farfaɗo da ni, don an ba ni mobilet, ɗan ƙaramin babur, sabo fil, wai na zagayen manoma. Matata Zara'u ta ce in rage goge shi, kada fentin ya gaji.

Shef ya ce Babban Baƙo zai taso daga Yamai ya buɗe mashin kafin wata ya mutu.

Alhamis, 13 ga Mayu, da azahar

Bakanike ya gama ɗaurawa, ya zo biro yana goge hannu, ya ce a ba shi gyaɗa. Muka dubi juna. Gyaɗa a watan Mayu! Tun kaka ta bi sikeli ta hau kamiyo, yanzu wataƙila tana cikin tukunyar wani Bature. Mun yi wata da watanni muna rubuce-rubuce a kan mashin ɗin nan, ba wanda ya tuna cewa yana cin abinci.

Na ce a cika buhuna da rairayi a jera, tunda hoto kawai za a ɗauka. Shef ya ce a'a, an gaya masa Baƙon mutum ne mai son tura hannu cikin buhu. Dukanmu 'ya'yan manoma ne, mun san inda gyaɗa ta rage a ƙasar nan yanzu: cikin rumbunan iri, a liƙe da laka.

Shef ya cire tabarau ya dube ni, ya kira ni da laƙabin nan na Faransanci. "Mushe Cindo, ba garinku ba ne? An ce in mahaihinka ya ɗaga ƙahwa, gari na bi."

Na ce, "Wi, Shef."

Asabar, 15 ga Mayu, da yamma

Mun sha shayi a gindin itacen bedi da Mushe Abdurrahaman, mai koyarwa a lekol, makarantar boko, abokina tun muna zama benci ɗaya. Bakinsa ba ya da linzami tun muna yara.

Ya ce, "Cindo, na karance dokar taku tun daga kai har wutsiya. Akwai mashin. Akwai rumhwar kwano da siminti. Akwai atamhwa mai hoton gujiya ta matan da za su yi guɗa, akwai raguna, akwai amsa-kuwwa, akwai kuɗin hanya na masu zuwa su dubi waɗanda sunka zo dubawa. Na biɗi iri ban gani ba. Na biɗi rijiya ban gani ba. Gwada mini wurin, wataƙila idona ne."

Na ce ci gaba ba ya zuwa rana ɗaya. Ya dubi mobilet ɗina da ke jingine, ya ce, "Naka dai ya zo." Na yi dariya tare da kowa.

Ban gaya masa inda za ni gobe ba.

Lahadi, 16 ga Mayu, bayan magariba

Na je gida. Tun daga bakin gari na kashe mobilet na tura shi da hannu, ban san dalili ba.

Na tarar da Baba yana gyaran ƙotar hauya. Ya karɓe ni da tsokanar da ya saba, wai an haife ni da yatsa shida amma ba ko ɗaya na noma. Duk da haka kowace kaka sai ya aiko mini da buhun gyaɗa har Tasawa, wai rabona na gandu, ni da rabona da sunkuyawa a gona tun ina lekol. Na sha ce masa ya bari. Ba ya ko amsa mini.

Na daɗe ina kewaye-kewaye, lafiyar Inna, tsadar gishiri, zafin bana. Sannan na faɗa.

Irinmu a ƙaramin rumbu yake bayan ɗakin Inna, cikin ɓawonsa, baki a liƙe. Tun kakanmu ake juya shi, 'yar ƙwaya ce ja mai yawan mai. Ita ce harajin gida, ita ce rigar salla. Ba a fasa lakar sai ruwan gyaɗa ya sauka, wato babban ruwan da ke biyo bayan shukar hatsi. Ranar Baba ne ke fasawa da hannunsa, mata su baje tabarmi su ɓare da yatsu ɗaya-ɗaya, don kada jar rigar ƙwayar ta tuɓe. Wadda ta tsage ko ta tuɓe ba ta tsira. Wannan na san shi tun kafin in iya ɗaura wando.

Baba ya ce, "Ubana bai hwasa da rani ba, ni ma ban taɓa ba. Mi za su yi da shi?"

Na ce, "Jinginewa kaɗai, Baba. A zuba a buhu a jera kusa da mashin, Baƙo ya gani, a maido. Kahin Juma'a ta sama shina cikin rumbunshi."

Yaya Danda, wana, wanda shi ke riƙe da gandu tare da Baba, ya ce, "Baba, mutanen biro ne hwa. Abin da yash shiga hannunsu..."

Baba ya katse shi. "Ba da mutanen biro nike magana ba, da ɗana nike." Ya juyo gare ni. "Cindo, ba a zuba shi cikin ƙarhen nan?"

"Ko ƙwaya guda, Baba. Na yi alkawari."

Ya tashi da ƙotar a hannu, ya je ya buga lakar. Inna ta shige ɗaki ta saki asabari.

Talata, 18 ga Mayu, da hantsi

Shef bai yi ƙarya ba, gari ya bi. Mai Nasara ya fasa nasa rumbun, Gambo ya fasa. Har Zuhura, tsohuwar da mijinta ya rasu bara, ta kawo nata a ƙwarya, ta ce tunda Na Allah, wato Baba, ya yarda, ita wace ce. Buhunan dokar sababbi ne, masu hatimi, duk kama ɗaya. Na ɗaura wa namu jan tsumma a wuya don kada su ɓace cikin na mutane. Aka jera, aka rufe rumfa da kwaɗo, aka ajiye gardi mai bindiga a ƙofa.

Shef ya dafa kafaɗata gaban kowa ya ce "bravo". Na ji daɗi. In rubuta shi yadda yake, na ji daɗi ƙwarai.

Alhamis, 20 ga Mayu, da safe

An ɗage zuwan Baƙo. Wai sati mai zuwa.

Talata, 25 ga Mayu, bayan azahar

An sake ɗagewa.

Amma aiki bai tsaya ba, Allah ya sani muna farfaɗowa. An shafa wa itatuwan bakin hanya farar ƙasa har ƙugu, awaki sun goge ta da jikinsu, an sake shafawa. Kamiyon ruwa yana yayyafa hanya safe da yamma don kada ƙura ta taɓa Baƙon da bai taso ba, kuma daga rijiyar gari yake ɗiba, mata na tsaye da tuluna suna jira ya ƙoshi. Ragunan walima suna cin harawa da dusa, sun fi kowa a Tudun Namadi kyan gani. Matan guɗa sun riga sun ɗaura atamfarsu zuwa suna da biki har ta koɗe, Shef ya sa a aiko da wata.

Na wuce ta ƙofar gidanmu da mobilet ban tsaya ba. Na ce sauri nake.

Asabar, 29 ga Mayu, da yamma

An yi taron shiri, ma'aikatan gari duka. Ana cikin gardama a kan ko tuta nawa za a ɗaura, Abdurrahaman ya ɗaga hannu ya miƙe.

Ya ce, "Ku gahwarce ni, ni malamin yara ne, ban san manyan lissahi ba. Amma gazuwal ɗin da kamiyon ruwa yash sha cikin watan ga ya isa a ba kowane gida iri a Tudun Namadi. An ce doka ta taimakon manomi ce. To har yau manomi ne yat taimaki doka, don shi yab ba ta aron irinshi. Hadari ya hwara haɗuwa gabas. Ku maida wa mutane abinsu."

Ya dube ni. Duk ɗakin sun san irin wa ke cikin rumfar nan, in da mai goya masa baya ni ne. Na sunkuya ina gyara igiyar takalmi, takalmin da ba ya da igiya.

Laraba, 2 ga Yuni, da hantsi

An canza wa Abdurrahaman wurin aiki, can gabas mai nisa, inda mota ke zuwa in ta ga dama. Bai ko gama shekarar lekol ba.

Na hango shi a tasha yana ɗora katifa bisa kamiyo, matarsa na riƙe da fitila da tukwane. Na faɗa shagon tela na ce a gwada ni. Tela ya tambaya wace irin riga, na ce kowace iri. Na tsaya yana zagaya ni da igiyar awo har na ji kamiyon ya tashi.

Kunya nake ji. Ban san wani suna da zan sa mata ba.

Talata, 8 ga Yuni, da safe

An ɗage.

Lahadi, 13 ga Yuni, da sassafe

Ruwa ya sauka, mai kyau. Ƙanshin ƙasa ya cika ɗaki, Zara'u tana ta hamdala tana tarar ruwa a kwanoni. Tunda nake ban taɓa jin tsoron ruwan fari ba sai yau.

Yau za a shuka hatsi. Na gaba na gyaɗa ne.

Litinin, 14 ga Yuni, bayan la'asar

Yaya Danda ya zo bisa jaki, ƙafafunsa duk laka. Bai shigo biro ba, ya aika aka kira ni waje. Ya ce sun gama hatsi, Baba ya ce a ba su iri mata su fara shiri.

Na ce, "Yaya, makulli na wurin Shef, shi kuwa ya tahi Maraɗi."

"Yaushe shika dawowa?"

"Cikin satin ga, in Allah ya so."

Ya ce, "Juma'ar taka ta sama, ko ba ta sauko ba har yanzu?" Na miƙa masa goro, ya karɓa don kada mutane su gani, ya hau jakinsa.

Shef kam da gaske yana Maraɗi. Wannan ɓangaren gaskiya ne.

Laraba, 16 ga Yuni, da azahar

Zara'u tana wanki ta zazzage aljihun wandona. Ta shigo ta ajiye abin da ta samu kusa da kwanon tuwona. Makullin rumfar ne, ƙarami, da ɗan zare shuɗi a wuyansa. Ta san shi, don tana nan ranar da na dawo da shi ina taƙama Shef ya amince da ni.

Can ta ce, "Maigida, Tudun Namadi ba nisa da mobilet."

Na ce mata harkar biro ba ta mata ba ce. Ta ce haka ne, ta ɗauki kwandon wankinta ta fita.

Juma'a, 18 ga Yuni, bayan masallaci

Shef ya dawo. Na shiga na roƙe shi, har na durƙusa da gwiwa ɗaya, abin da ban yi wa Baba ba tun da na fara sa wando mai aljihu. Na ce a bar ni in buɗe mutane su kwashe, in Baƙo ya tashi zuwa mu san dabara.

Ya ce, "Makulli na hannunka, Mushe Cindo, ban hana ka ba. Sai dai in Baƙo ya zo ya iske rumhwa wayam, kai ka yi mishi bayani. Na ji abokinka na biɗar maƙwabci can gabas."

Na fito na zauna a teburina. Na jera takardu, na sake jera su.

Talata, 22 ga Yuni, da safe

Ruwan gyaɗa ya sauka. Tun asuba ake yi.

Laraba, 23 ga Yuni, da yamma

Gardi ya aiko in zo maza. Na tarar da Yaya Danda a ƙofar rumfa da gatari, Mai Nasara da Gambo na bayansa, mutane sun taru. Gardin yaro ne ɗan ƙasar Mayahi, shi ma ɗan manomi, yana tsaye gefe da bindigarsa.

Na shiga tsakanin Yaya da kwaɗon. Na ce in ya sare shi gidan kaso za a kai shi, a tsakiyar damina, wa zai yi wa Baba noma? Na ce waya ta zo, Baƙo na tafe ranar Alhamis ta sama, wannan karon tabbas. Na ce ƙasa ta sha ruwa sosai, danshin zai kai. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, kuma duk lokacin da nake faɗa ina jin abin nan yana taɓa cinyata ta cikin aljihu.

Sai ga Baba, a hankali, da sandarsa. Ya ce, "Danda, aje gatari. Ƙanenka ya yi alkawari, ba mu hwasa ƙohwa bisa kanshi." Ya dube ni. "Alhamis?"

"Alhamis, Baba."

Da ya zage ni da na samu sauƙi. Zuhura ce kawai ta ce, ba da kowa take ba, ita ƙwaryarta ma ba a maido mata ba.

Asabar, 26 ga Yuni, da hantsi

Garuruwan kewaye duk sun shuka. A hanyar Urafan na ga gyaɗa ta fara tsaga ƙasa. Gonakin garinmu kaɗai ke kwance a share, fes, ba komi.

Talata, 29 ga Yuni, da azahar

Na tona ƙasa da yatsa a bayan biro. Akwai sauran danshi. In an shuka Juma'a za a samu, ko ba yawa. In an shuka Juma'a.

An sake shafa wa itatuwa farar ƙasa.

Alhamis, 1 ga Yuli, bayan magariba

Ya zo. An buɗe. An ci raguna.

Juma'a, 2 ga Yuli, da safe

Ban je biro ba, bayana ke ciwo. Zara'u ta shafa mini man kaɗanya, ta tambaye ni me na ɗauka mai nauyi haka. Na ce mobilet ne. Ta kakkaɓe rigata ta jiya, jan ɓawo ya zubo daga wuyanta da aljihunta, ta share ta kai waje.

Asabar, 3 ga Yuli, da la'asar

In ban rubuta ba ba zan iya cin abinci ba.

Motoci sun iso da hantsi. Makaɗa, guɗa, sabuwar atamfa, amsa-kuwwa na ta ƙara. An sa Baba a kujerar gaba, wai babban manomin gari, shi da bai taɓa zama bisa kujera gaban mutane ba. Aka yi jawabi da Faransanci, aka yi da Hausa, aka ce zamanin wahala ya wuce. Aka buɗe rumfa. Baƙo ya tura hannu cikin buhu kamar yadda aka faɗa, ya ɓare ɗaya ya tauna, ya gyaɗa kai. Na ce a raina shi ke nan, an gama, gobe shuka.

Sai ya dafa mashin ya ce, "To, a tayar mu gani."

Mutumin kirki ne a fuska, da fara'a ya faɗa. Bai san ko irin wane ne ba, ba wanda ya gaya masa. Magana ɗaya ta isa, a ce ranka ya daɗe, wannan iri ne. Na tabbata da ya ce a bari. Shef ya dube ni. Bakanike ya murza, mashin ya ɗauka da ruri har ƙasa na girgiza. Buhun da ke gaba mai jan tsumma ne, don ni na sa namu a gaba su fi saurin fita.

Wani ya ɗauki buhun ya juye.

Mutane suka yi tafi, baƙin dai. Ƙwaya na zubowa ta ƙasa, iskar mashin na feso jan ɓawo sama yana sauka bisa rigunan manya, suna dariya suna kakkaɓewa. Mai hoto ya ce bai samu ba, a ƙara. Baƙo ya ce yana son ya ja ƙarfen da hannunsa, aka ƙara. Waɗanda suka rako shi kowa sai ya ja nasa. Bayan masu jan tsumma aka shiga na Mai Nasara, aka shiga na Gambo. Ban san lokacin da na Zuhura ya wuce ba, bai kai a lura ba.

Da mashin ya yi shiru na duba tsibin. Rabi a tsage, saura a tuɓe fari fat, na kowa ya gauraye da na kowa.

Baƙo ya je ya kama hannun Baba da hannu biyu, ya ce daga yau an hutar da matan garin nan ɓarar gyaɗa. Baba ya miƙe tsaye ya ce, "Mun gode." Bai dubi inda nake ba. Bai tsaya cin nama ba.

Lahadi, 4 ga Yuli, da asuba

Ba wani ba ne. Ni ne. Buhun farko da na ƙarshe duk ni ne, ba wanda ya ko ce mini ɗauka.

Litinin, 5 ga Yuli, da yamma

Na je kasuwar Mayahi neman iri. Na bi rumfa rumfa. Wani dattijo mai awo ya dube ni da wandon biro, ya ce, "Iri yanzu, mushe? Mai iri ya sa shi ƙasa tun sati biyu." Na ce ko nawa ne zan saya. Ya ce ba maganar nawa ba ce.

A hanyar dawowa na bi ta bayan Tudun Namadi, ban shiga ba. Daga kan tudu na hango tsakar gidanmu. Mata sun baje tabarmi yadda suke yi kowace shekara, Inna a tsakiya, amma ba ɓara suke ba, tsinta suke. Ba mai waƙa.

Rumfar mashin a buɗe take, gardi ya tafi. Gazuwal ya ƙare ranar buki, bakanike ya bi motocin baƙi. Awaki sun samu wurin fakewa ruwa mai rufin kwano.

Alhamis, 8 ga Yuli, da hantsi

Shef ya kira ni, ya ce Baƙo ya yaba da tsari, an sa sunana cikin waɗanda za a ƙara wa girma. Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Abin da ya fito shi ne "Mersi, Shef."

Na maida masa makulli. Ya ce in riƙe, ba abin da za a rufe.

Lahadi, 11 ga Yuli, bayan azahar

Yau kasuwar Tasawa. Yaya Danda ya yi sallama a ƙofar gida. Na fita da sauri har na manta takalmi. Ya shigo, ya zauna bisa tabarma, ya sha ruwan da Zara'u ta kawo. Muka gaisa, gaisuwa cikakkiya, bai rage komi ba.

Na tambayi gona. Ya ce babbar gonar sun zuba mata wake, dangin Inna na Urafan suka taimaka da shi. Abin da mata suka tsinta mai rai bai wuce ƙoƙo guda ba, an raba da Zuhura, sauran Baba ya shuka bayan ɗakin Inna ya kewaye da ƙaya. Na tambaya ko ya tsira. Ya ce kaɗan.

Na ce, "Yaya, Baba ya yi hushi?"

Ya jawo taikinsa ya fito da kwalbar mai da wani ƙulli, ya ajiye gabana. Da jan tsumma aka ɗaure bakin ƙullin. Na san tsumman.

Ya ce, "Baba ya ce a kawo maka rabonka na gandu. Ya ce ka yi haƙuri, na bana ya zo da wuri."

Na kwance. Ƙuli-ƙuli ne, irin murɗin Inna, zobe-zobe.

Na ce zan ci anjima. Ya ce a'a, Baba ya ce kada ya taso sai ya ga na ci. Zara'u ta juya ta shige ɗaki. Na ɗauki ɗaya na sa a baki. Irinmu ne, ko cikin dubu na san ɗanɗanonsa, ga mai, ga garɗi. Na tauna, na tauna, Yaya na zaune yana kallona har na haɗiye.

Ya miƙe ya saɓa taikinsa. A bakin ƙofa ya juyo.

"Inna ta ce in tambaye ka ko gishiri ya ji."

Na ce ya ji.